Ƙafar da Aka Auna a Kwance

Ranar Laraba da hantsi Goggo Delu ta shigo ɗakin da na sauka ko sallama babu, ta jefo mini wani ƙullin tsumma a kan kwamfuta. Saura kwana uku in koma makaranta. Akwatina a buɗe yake, rabin kaya a ciki, rabi a kan gado.

"Kwance ki gani," in ji ta.

Na kwance. Yankakken tsohon rawani ne gida huɗu, an ninninke, sun danne sun yi tauri kamar kwananniyar waina. Biyu daga ciki da jirwayen jini, ɗaya har ya fara baƙi.

"Cikin ƙahwar robar da kika yi ma ubanki na ciro su. Kullum da sahe sai ya cusa kahin ya saka. Ke kina nan kina ta danne-danne."

Goggo Delu yayar mahaifina ce, kuma ita ta raine ni, don ni 'yar fari ce. A gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya ce Sadiyya ba. In ina wurin, sai ya dubi Goggo ya ce "ki ce mata", ni kuwa ga ni zaune taku biyu daga gare shi. Shekara talatin Baba, Malam Isiyaku, ya yi yana malamin dabbobi, yana bin rugagen bayan Batagarawa da ƙafa, har ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu aka yanke ƙasa da gwiwa bara. Likita ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in dungun ya sake buɗewa ya ruɓa, sama da gwiwa za a yanke, kuma mai shekarunsa da wuya ya ƙara miƙewa.

Ni kuma ina cikin waɗanda suka samu tallafin karatu bayan sojoji sun koma bariki, aka tura mu waje karatun injiniya. Na dawo hutu da kwamfutar ɗakin bincikenmu, kaina ya kumbura, na ce ƙafar roba ta Baba ba za a yi ta da ƙiyasi ba, lissafi za a yi.

Manhajar da muke aiki da ita ba ta san nama ba, ba ta san ƙashi ba. Siffar abu kake ba ta, ta yayyanka shi gida-gida ƙanana dubbai, mu kira wannan raga, a kan kowane gida ta yi lissafinta. Nazari biyu na tsara. Na farko, in mai nauyin Baba ya tsaya, ina naman dungun zai lotsa, ina zai kumburo. Na biyu, zafi da gumi da gugar fata a cikin kwanson da dungun ke shiga, don a san inda za a rage da inda za a ƙara. Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka ɗauki siffar da nazarin farko ya bari, a lotse yadda take, ka saƙa mata sabuwar raga, ka adana, sannan ka ɗora na biyu a kanta.

Na san wannan sarai. Sau uku na gwada, sau uku ragar tana harɗewa a wuri ɗaya, daidai tabon ɗinki, gidajen su kife cikin juna, manhaja ta tsaya da jan rubutu. Na huɗu ban yi ba. Na koma kan siffar asali, wadda na ciro daga hoton asibiti, Baba yana kwance ƙafa a sake. A nan raga lafiya lau. Sakamako ya fito da launuka masu kyau, na ce wa kaina bambancin bai taka kara ya karya ba.

Babaji, mai haɗa ƙafafun roba a Ƙofar Kwaya, ya daɗe yana juya takardar awon da na kai masa.

"Injiniya," ya ce, "wannan awon na mai barci ne. Ni kau mai tahiya nike yi ma ƙahwa."

Na ce masa kwamfuta ba ta ƙiyasi. Har yau in na tuna yadda na faɗe shi, da ɗaga haɓa, sai in ji kamar in nutse. Ya yi yadda na ce. Baba ya saka, ya taka daga tabarma zuwa bakin zaure, ya dubi Goggo ya ce, "Ki ce mata madalla. Ta yi." Sati uku ke nan.

Da na ga tsumman nan, sai na kasa zama. Na buɗe kwamfutar, na rufe, na sake buɗewa. Na kunna nazarin farko, ko rabi bai kai ba aka ɗauke wuta, batirin kuma ba ya wuce minti arba'in. Na saɓa jaka na hau acaɓa zuwa wani shagon buga takardu a Ƙofar Marusa mai janareta. Duk bangon da muka wuce fastocin zaɓen da aka gama ne, rana ta cinye fuskokin, wasu an manna sabo a kan tsoho. Haushi nake ji, na rasa wa zan ɗora wa. Na ɗora wa mai acaɓa don ya bi ta rami, na ɗora wa mai shago don ya ce in jira a gama buga katin biki. A raina na san mai laifin.

Awa biyu da rabi na zauna a kan benci. Nazarin farko ya kammala. Na ce wa manhaja ta ɗauki lotsattsiyar siffar ta saƙa sabuwar raga. Ta tafi, ta tafi, sai jan rubutu. Wuri ɗaya dai, kan tabon. Na ƙara ƙanƙanta gidajen, ta harɗe. Na faɗaɗa su, ta harɗe. La'asar ta yi ban ci komai ba.

Daga nan na wuce wurin Babaji, ban ma tsaya dogon gaisuwa ba, shi ya ja gaisuwar har ƙarshenta don ya huce ni. Na ajiye masa tsumman a kan tebur. Ya duba, bai ce ai na faɗa miki ba, amma ya yi gyaran murya irin wadda ta fi faɗar ciwo.

Na nuna masa inda ragar ke harɗewa. Ya kawo fuskarsa kusa da allon.

"Ai nan tabon ninkewa yake in ya taka. Hwatar ta hau bisa 'yar'uwarta. Kin taɓa ganinshi?"

"A hoto."

"Da idonki nike nuhi."

Na girgiza kai. Watanni goma sha ɗaya da yanke ƙafar, na san tsawon ƙashin da ya rage har zuwa milimita, amma ban taɓa ganin dungun ba. In zai kwance bandeji sai ya sa a saki labule. Ni ma ban taɓa nema ba, na fake da kunya, alhali tsoro ne.

"Ki samu bula ta wanki," in ji Babaji, "ki shahe cikin kwanson da ita. A ruhe ciwon da auduga, ya taka sau ɗaya tak. Abin da kika gani shi za ki gaya ma na'urarki. In kin kawo mani awo gobe kahin Magariba, Juma'a in wuni kanta."

Ranar Alhamis da safe na same shi a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, rediyo a kunne ana ta jero sunayen waɗanda za a ba muƙamai. Ƙafar robar tana jingine da bango. Goggo tana gefe tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban rediyon.

"Baba, na yi kuskure a awon ƙahwar nan," na ce. "Na auna ka a kwance. Ina son in ga wurin da idona."

Ya rage muryar rediyon. "Ki ce mata ba komi. Sabo ne, za ta saba da ni."

"Ba za ta saba ba. Ci za ta yi ta yi har ta kai ƙashi."

"Ki ce mata..."

"Ina ji, Baba. Ga ni nan." Ban taɓa katse shi ba a rayuwata. "In suka ƙara yankewa, da hannuna aka yanke. Ba zan iya komawa da wannan ba."

Ya kau da kai. Sannan, a hankali, ga Goggo: "Ɗiya ta ƙetare ruwa ta yi karatu, ta zo ta yi ma ubanta aiki. Sai in buɗe baki in ce bai yi ba?"

Goggo ta ajiye faranti. "To zauna nan su ida yanke ta don kunya. In sun kai ƙugu sai ka ce madalla."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya miƙa hannu ya fara warware bandejin, zagaye bayan zagaye, idonsa a kan reshen dalbejiya. Dungun ya fi yadda nake zato ƙanƙanta, fatar tana sheƙi. A gefen tabon ga ciwo kamar faɗin kwabo, ja, bai yi zurfi ba tukuna. Tausayi ya kama ni, sai na mai da hankali kan bula don kada in yi kuka a gabansa.

Goggo ta rufe ciwon, na shafe kwanson, ya saka ya dafa kafaɗarta ya miƙe. Na ƙirga biyar ya zauna. Da aka zare, shuɗin ya ba da labarin duka. Tabon ba ƙasa yake lotsawa ba kamar yadda na zata, gefe yake ninkewa, ya tura nama ya haɗu da bangon kwanson a daidai inda takardata ta ce akwai sarari. Na sa yatsa na bi ninkin, na auna da tef ɗin ɗinkin Goggo. Fatar da ɗumi. Rabona da taɓa jikin Baba ban ma san ranar ba, shi kuma ya ƙi sauke ido daga reshen.

Na koma shagon Ƙofar Marusa. Na gyara siffar a wurin tabon, na zana ninkin yadda yatsana ya ji shi maimakon layin da hoton kwance ya nuna, na ƙanƙanta gidajen ragar a nan kaɗai. Nazarin farko ya ci awa uku. Janareta ya yi tari sau biyu, amma bai mutu ba. Da ya gama na ce ta ɗauki lotsattsiyar siffar ta saƙa raga, na tashi na fita waje don ba zan iya kallo ba. Na je bakin titi na dawo, na sake zuwa na dawo.

Babu jan rubutu. Ragar ta zauna a kan dungun kamar an saƙa masa hula. Na adana ta wuri biyu, na ɗora nazari na biyu a kanta. Da sakamakon ya fito, ga ɗigon ja guda ɗaya a gefen tabon, faɗin kwabo. Da na yi haƙurin wannan yinin sati uku da suka wuce, da na gan shi a allo kafin Baba ya ji shi a jikinsa. Ban yi murna ba, kunya na ji.

Na kai wa Babaji awon ana kiran Magariba. Ya duba ya ce, "To, wannan ya tashi daga barci."

Asabar da safe motar da za ta kai ni Kano tana ƙofar gida, direba yana ta duba agogo, jirgina kuwa sai Lahadi da yamma. Babaji ya kawo ƙafar da kansa ya tafi, ya ce kada a yi tafiya da ita sai ciwon ya warke, a dai gwada tsayuwa. Baba ya saka, ya dafa bango ya miƙe. Ya jinjina nauyinsa a kanta, ya sassauta, ya sake jinjinawa.

"Yaya ka ji ta, Baba?"

Ya juya wajen Goggo. Na ga bakinsa ya haɗa madallar nan, tsoro ya kama ni, don in ya faɗe ta ban da hanyar sanin gaskiya, kuma mota tana jira. Goggo ta sunkuyar da kai ta ƙi karɓar saƙon. Ya tsaya haka da kalmar a baki. Sannan ya juyo, ba fuskata ya duba ba, bangon da ke bayan kaina ya duba.

"Wajen ciwon ta sake ni," ya ce. "Amma nan baya, ƙasan gwiwa, tana cizo kaɗan."

Ni ya gaya wa. Ba a taɓa kushe aikina na ji daɗi irin na ranar ba. Na leƙa zaure na ce wa direba ya sauke akwatin, ya dawo gobe da asuba. Na dawo na durƙusa a gabansa da fensir a hannu.

"Nuna mani da yatsa," na ce.

Ya kama hannuna ya kai shi wurin.