Aron Magariba

…to ai shi ke nan, 'yata Kulu ta danna jan maɓallin ta koma madafi kamar yadda na ce ta yi. Saura ni da rikoda a tsakar gida. Kaset na juyawa. Sun ce duk abin da ya ji haɗiyewa yake yi, har tarin da na yi yanzu, har kazar can mai tonon bakin rijiya. To, haɗiye. Ni ban fara ba tukuna.

Da kai nake, Mai-sunan-Malam. Jikan da na goya da bayan da ya goyi ubansa. Sunan mijina anka sa maka, shekara ashirin da takwas bai fita bakina ba, kuma ba yau zai fita ba don akwatin Bature ya buɗe kunne.

Naka kaset ɗin sau tara na ji shi. Muryarka ta yi kauri, ga iska a bayanka kamar mata goma na sheƙar dawa. Ka ce jirgin ruwa kake wa aiki, can sama da Rasha inda ka yi karatu, inda ƙasa ta gaji ta tsaya. Ni da nake cewa duniya a Kaura ta ƙare, tunda nan layin dogo ya ƙare…

Tsibirai, ka ce. Baƙin dutse a tsakar ruwa, ba itace ko guda, ko sabara ko tumfafiya. To da mi suke girki? Ba ka faɗa ba. Kai dama abu mai amfani shi kake mantawa. Tsuntsaye maƙil jikin dutse, hayaniya kamar kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Kifi a rataye bisa katakai, ba hayaƙi ba gishiri, sanyi kaɗai ke busar da shi. Wani koren haske na rawa a sama — wannan ban yarda ba, kuma ban ce ka yi ƙarya ba.

Sai ƙanƙara. Wadda na sani ita ce ta faɗo shekarar da ubanka Hayatu ya rasu, ta kwantar da gero yana tsaka da fidda kai, kafin a sauke tukunya ta narke ta bar mu da kara. Taka kuwa yawo take bisa ruwa, girman masallacin Juma'a, shuɗiya daga gindi, har kana cewa kyau gare ta. Kyau. Abin da ke kashe gero?

Duk wannan kewaye ne, na san ka. Tun kana ƙarami sai ka ba da labarin akuyar maƙwabta kafin ka ce ka fasa ƙwarya. Can ƙarshe ka sauke murya: “Inna, sun ce in ƙara shekara biyu. In kin ce in zauna, in zauna. In kin ce in taho gida, in taho.”

Ka ɗora mini tulu a ka, ka koma gefe.

Ran tafiyarka, tashar Kaura, kai da akwatin ƙarfe, mata na ta sharɓar kuka, ni ko ɗigon hawaye. Mi na ce maka? Gidan nan ba a sauke tukunya ɗanya. Kuma a gidan suna, gaban matan Zurmi kaf, da sunka ce na tura maraya ƙasar da ba a kiran salla, na ce ni ban kiran yaro daga gona sai ya kai ƙarshen kunya. Sun ji. Har yau sun riƙe, jira suke.

Ƙafafun nan… ba su shiga takalmi tun kaka. Na hana kowa gaya maka. Watan jiya Kulu ta ja ni asibiti Kaura. Tun da anka kawo Shari'a mace ba ta hawa kabu-kabu, munka yi rabin yini bakin hanya muna jiran motar mata. Likita ya danna mini ƙwauri da babban yatsa, ya ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Ya kalli ramin, ya kalli Kulu, ni bai kalle ni ba. Yana zaton sai da boko ake karanta fuska. Na yi jinyar mutum huɗu har bakin makara, na san yadda mai magani ke wanke hannu in ya daɗe yana wankewa.

Ka ce can ƙasa ba ta cin gawa. Daskararriya ce, ko diga ba ta shiga, wanda anka binne tun zamanin kakanni yana nan da gashin girarsa. Subhanallahi. Tamu kam ba ta da wannan rowa. Wa zai shiga rami ya karɓe ni — mijin Kulu? Lado direba?

A'a. Ba wannan na zauna yi ba.

Azumi. Ka ce rana ta faɗi a can ba za ta fito ba sai bayan wata huɗu, azumi zai same ku cikin duhu, ba asuba ba magariba. Na aika anka tambayi Liman Maccido, ya ce ka bi lokacin Makka da agogo. Agogo. Abin da ke tsayawa in an manta ba a murɗa shi ba? Mutum na buɗe baki da kunnensa ne. Shi ya sa na ce a aje rikoda yanzu, rana na bisa katanga: in ladan ya kira, kaset ya ɗauka, kai ka riƙa kunnawa kullum. Muna da magariba har ta yi mana yawa, in ara maka guda mi ya ragu? Gobe Lado zai wuce da shi Kano, a sa a gidan waya.

Sai dai… tsaya. Ka tambaya ko an fara yankan dawa. An fara? Dawa na rumbu, karan ma an yi danni da shi. Ashe muryar nan tsohuwa ce. Kwana hamsin ta yi a hanya, Kulu ta faɗa ban sa kunne ba. Yau azumi ashirin. Kafin ladanina ya iske ka, an yi salla an wanke tukwane, ana zancen ragon layya. Zai yi ta kira cikin jirgi ba mai azumi. Kuma ka ce jirgin ba ya taɓa gaɓa sai ƙanƙara ta ba da hanya — yaushe ke nan? Bazara? Ko yau na ce taho, maganar za ta kwana hamsin, ta zauna jiranka a wani gari mai warin kifi, sannan kai ka ɗaure kaya, sannan… Ni kuwa ramin yatsan likita. Damina ta yi nisa. Ko na faɗa, ko ban faɗa ba…

Zaren kaset ya koma gefe guda, saura ɗan kaɗan. Mi zai ji in ya kunna? Kaza. Tari. Tsohuwa na numfashi kamar zugazugi.

“Inna,” Kulu ce daga madafi, “kunu za ki sha, ko in dama dawo?”

“Dawo.”

Da ƙarfi ya fita, fiye da yadda madafi ke buƙata. Kuma akwatin ya haɗiye. Curin fura na ce — ai curin fura na ce, kowa a Zurmi zai shaida. Shi kuwa yana da wayo, zai ji tambayar Kulu, zai ce Inna fura take so, ya zauna shekara biyunsa. Ko iskar can ta danne muryar Kulu ta bar tawa ita kaɗai. In ce ta goge? In sake faɗa? Ga ladan ya gyara murya, jan hasken rikoda na nan bai mutu ba, hannuna ya yi nauyi bisa gwiwa… ni kaina ban san wanne na ce ba.