Lallen Barakatu

"Ka je ka gano?" in ji Malam Kabo, yana riƙe da wuyan hannun maƙwabcinsa Maharazu. Hannun ya rame ƙwarai, amma riƙon kamar na mai faɗawa rijiya.

"Na je, Baba. Wurin na nan."

Wurin kam yana nan, ai ƙasa ba ta tafiya. Sauran maganar ce Maharazu ya ɓoye, ya sunkuyar da kai yana kallon kwanon kunun da tsohon ya kasa sha.

Tun shekarun da aka dawo da Shari'a, malamai ke ta wa'azin waƙafi, Malam Kabo ya ɗauki gonarsa ta gado da ke bayan garin Daura ya ba sabuwar jami'a, don Allah. Sharaɗinsa ɗaya ne: a bar masa kusurwar da kaburburan gidansu suke. A nan matarsa Barakatu take kwance, ya dasa mata lalle wajen kai, ya bar wa kansa fili yamma da ita. Ɗa bai rayu masa ba, sai ya ɗora wa Maharazu amanar kai shi can.

To, bana wani attajiri ya gina wa jami'ar ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ana shirin bikin buɗewa aka kawo leburori baƙi su gyara fili. Bayin Allah, ina suka san fasassun tukwanen nan alamar kabari ce? Suka kwashe su da shara, suka sare duk wani tsiro, suka baje ƙasa sumul. Maharazu ya je da safen nan ya duba ko'ina. Ya kasa gane inda kowa yake.

"Yamma da ita," tsohon ya ƙara faɗa, murya can ƙasa. "Kada ka kai ni cikin baƙi, ɗan nan."

"In sha Allahu, Baba."

Bayan azahar Malam Kabo ya cika. Iya, tsohuwar da ke kai masa abinci, ita ta fito zaure tana salati, ta ce da Maharazu, "Sai haƙuri, maƙwabcinka ya riga mu."

Aka yi wanka, aka sa likkafani, aka sallace shi a ƙofar gida. Mai gadin jami'a bai yi gardama ba, ya buɗe ƙofa ya cire hularsa ta aiki. Amma da aka isa kusurwar, masu haƙa suka yi cirko-cirko da diga a kafaɗa. Babu wanda ya yarda ya fara sara.

"Maharazu, ka ji tsoron Allah," in ji liman. "In muka tone wani fa? Mu kai shi maƙabartar gari, ƙasa duk ta Allah ce."

Tsoron ai shi ke cin Maharazu tun safe. Yana tsoron diga ta faɗa kan ƙashin Barakatu, yana kuma tsoron ranar da zai haɗu da tsohon nan a tambaye shi amana. Ya ce, "Malam, a ba ni ɗan lokaci."

Ya durƙusa ya shiga share ƙasa da tafin hannu, yana rarrafe kamar mai neman allura. Ɗalibai mata suka tsaya daga nesa da littattafai a ƙirji. Rana tana ta yin ƙasa. Har liman ya yi gyaran murya, sai wani abu ya soki Maharazu a yatsa. Ya tona a hankali: kututture ne ɗan ƙarami, an sare shi daidai ƙasa, ga 'yan ganye sun fara tohowa a gefensa saboda yayyafin makon jiya. Ya murza ɗaya ya shinshina.

"Lalle ne," ya ce. "Nan ne kanta."

Ya auna yamma da ita, ya karɓi diga da kansa, don in an yi ɓarna ta zama a wuyansa shi kaɗai. Duk saran da ya kai sai ya tsaya ya kasa kunne, ko zai ji ƙarar tukunya ko itacen rufi. Ya sara, ya saurara. Ya sake sarawa. Har aka kai ƙaramin ramin ciki, jar ƙasa ce kawai ke fitowa, wadda ba a taɓa taɓawa ba.

Sai a lokacin ya saki digar, wani ya karɓa. Aka sa Malam Kabo, aka jera itace, aka rufe, aka yi addu'a, mutane suka fara watsewa.

Maharazu ya tsaya baya. Akwai sauran ruwa a butar da aka kwaɓa ƙasa da ita. Ya tsuguna tsakanin kaburburan biyu, ya tsiyaye shi a hankali a gindin lallen.