Jan Biro a Fom Ɗin Zayyad

—kuma wannan ce takardar ƙorafi ta huɗu, ta huɗu, kowacce da kwanan wata da kwafi biyu, ba wanda zai ce Malam Ja'afaru bai bi ƙa'ida ba. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli tsakanin Gwarzo da Kutama. Yau ga ni a kan benci, ƙofar ofishin 'yan sa-kai a Kabo, tun hantsi, sakatarensu sai shiga da fita yake... Sharfaddeen. Ni na koya masa riƙe fensir. "Baba Malam, a ƙara haƙuri." Haƙuri na zo nema? Tambaya ɗaya ce, na ja mata layi: wa ya ba da izinin tura ɗan shekara sha tara daji bayan horon sati uku? Sati uku, Zayyad ɗana, da bindigar toka, suka dawo min da kai a bayan a-kori-kura cikin tabarma. Ko faretin 'yan firamare wata guda muke yi muna gwaji.

A littattafanka horon ya fi haka tsawo. Littafi takwas na labarin zane, kowane shafi ka raba shi gida-gida da rula — rulata — matasa biyar a sansani bayan dutse, wai ana koya musu ceton gari. Wani yana ɗaga tarakta da hannu guda. Badi'a tana jin takun ɓarayin shanu tun daga Getso. Sai Sagiru, mai tashi sama, amma tsoron bisa yake, sai ya runtse ido... Ƙanwarka Fiddausi ke shafa musu kala, ku biyu a tabarma kuna ta dariya. Na karanta duka, ka sani? Ina za ka sani. Jan biro kawai ka gani. "Mutum ba ya tashi sama." "Hannu ya fi ƙafa tsawo." "Uku bisa goma." A gidana, ba aji, ba jarrabawa...

To gyara laifi ne? Wa gyara ya taɓa lalatawa?

A littafi na biyu Sagiru ya gudu ya bar 'yan'uwansa. A na biyar ya dawo ya nemi gafara a gaban kowa. A na bakwai ya tashi ido buɗe, gwiwarsa na rawa, ka nuna rawar da 'yan layuka uku — ya yi kyau, na ga ya yi kyau, biron yana hannuna, ban rubuta ba. Mai horar da su kuwa, tsohon nan mai sanda da tabarau a kan hanci, bai taɓa cewa madalla ba. Tabarau... ai ba ni kaɗai ke sa tabarau ba.

Innarka ba ta tambayata komai. Ta ajiye tuwo, ta ɗauke tuwo. Da ma faɗa ta yi min.

Ƙofa ta buɗe. Sharfaddeen ya durƙusa, baƙar leda a hannu ɗaya, fayil a ɗayan. Kayanka ne. Silifa, tocila, hula, da littafi na tara, duk ya lanƙwashe saboda zaman aljihu. Na ce ba kaya na zo karɓa ba, amsa nake so a rubuce, da suna da sa hannu. Ya buɗe fayil ɗin, ya juyo min da shi, kansa a ƙasa.

Fom ɗin shiga. Wurin amincewar uba. Sauran iyaye duk yatsa suka dangwala, naka ne kaɗai da jan biro, har da kwanan wata, har da layi a ƙasa...

Ranar wata Laraba ce. Kana tsaye bakin zaure kana jujjuya fom ɗin, kamar kana jira in hana. Na ce gara haka da zaman zana jaruman ƙarya, in jarumta kake so ga ta gaske. Ni na faɗa. Har gilashin tabarau na goge kafin in sa hannu, don layin ya miƙe.

Amma su fa? Sati uku. Wannan bai wanke su ba, zan rubuta ta biyar, zan kai har Kano, zan... wa zan ce ya ba da izini?

Shafin ƙarshe na littafi na tara da fensir ne, ba kala. Sagiru a gaban tsohon, ya tuɓe rigar jarumtar ya riƙe a hannu: "Malam, tsoro nake ji. In koma gida?" Tsohon ya buɗe baki. Ka zana masa da'irar magana babba, ta cinye rabin shafi, ba ka rubuta komai a ciki ba.

Biron yana aljihuna, kullum yana nan. Na cire murfin. Ana kiran azahar, Sharfaddeen har yanzu a durƙushe... Shekara talatin da biyar ina ba yara aikin cike gurbi, Zayyad — me tsohon zai ce?