Motar da Ta Ƙi Ya Fanna

Daren da abin ya fara, na ji wata ƙara daga bayan dangata, inda Bubayero direba yake kwantar da motarsa. Ƙas, ƙas, ƙas. Sai ta tsaya, sai ta sake. Ni mutum ne mai son irin waɗannan abubuwa, don a ɗakina akwai ƙwan jimina da wani baƙin dutse da aka ce daga sama ya faɗo a Hardawa. Na kasa kunne ina tunanin ko ƙarfe ma yana gyara kwanciya idan ya gaji, har barci ya kwashe ni. Ban fita na duba ba.

Motar babba ce, ta ɗaukar gyaɗa, amma ranar kasuwa takan kwashi mutane daga Azare zuwa Gamawa. Tun da aka kawo ta, kujerar gaba ta Ya Fanna ce. Maƙwabciyarmu ce, iyayenta daga Borno suka zo, mijinta ya rasu, da sayar da turaren wuta take ci da kanta. Tana da akwatin ƙarfe da take turawa ƙarƙashin kujerar, kuma ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, motar ta mutu a hanya. Ba tari, ba gargaɗi, sai kawai ta yi shiru kamar an toshe mata baki. Kowa ya sauko, Ya Fanna ma ta sauko da akwatinta a ka. Bubayero ya murɗa ƙarfen tayarwa sau ɗaya, sai ga ta ta tashi. Aka yi dariya aka hau. Kafin a isa Gamawa ta sake mutuwa.

Haka ta dinga yi. Wata rana ta je ta dawo lafiya, wata rana ta mutu a kowane kwazazzabo. Bubayero ya tace fetur da ƙyalle, ya wanke kafireta, ya ciro fulogi ya goge su ɗaya bayan ɗaya, har Kano ya aika aka kawo masa sabon kwayil. A gida motar sai ta yi ta ruri yini guda ba ta ko atishawa.

Jumare dillalin fatu ne ya fara faɗa a fili. Dama ya daɗe yana ƙorafin yadda namiji mai gemu zai zauna a kan buhu, mace tana gaba.

"Ku dai ku lura," in ji shi a tasha. "Da ta sauka, mota ta tashi. Da ta hau, mota ta mutu. Ni ban ce komai ba."

"Ai ka gama faɗa, Jumare," in ji Ya Fanna. "In kujera kake so, ka roƙa da bakinka, ba da sunana ba."

Amma magana ta riga ta fita. Aka ce mayya ce, ta kama kurwar mota. Na yi kwanaki ina juya wannan a raina, ko mota tana da kurwa, in kuma tana da ita, a ina take zama. Ita kuwa Ya Fanna ba ta da sukunin irin wannan tunani. Mata suka daina aiko sayen turare, masu jego suka riƙa rufe jariransu idan ta wuce. Bubayero ya je har ƙofar gidanta, kansa a ƙasa, ya ce ta yi haƙuri ta ɗan dakata da bin motar.

Jumare ya koma gaba. Mota kuwa ba ta sake mutuwa ba. Na bi su sau ɗaya don in gani da idona, suka matsa mini a gaba. Abu guda na lura da shi: butar ƙarfen Jumare tana kan cinyarsa tun daga Azare har Gamawa. Na ce, "Ka tura ta ƙarƙashin kujera mana, ka huta." Ya ce ya fi son ta a hannu.

Da na dawo na shiga gaida Ya Fanna. Tana zaune a tsakar gida, akwatin yana gefenta, ba kowa. Idona ya faɗa kan kusurwar akwatin. Akwai wasu ɗige-ɗige baƙaƙe, kamar zanen agana, na shafa na ji ƙarfen ya ɗan narke a wurin.

"Ya Fanna, ki ba ni aron akwatin nan, ya je Gamawa ba tare da ke ba."

"Malam, kai ma?"

"Ni ma me? So nake in ga wanda motar ta tsana, ke ko shi."

Ta turo mini akwatin. Sannan ta ce, "In ka ɓatar mini da shi, da gaske zan zama abin da suke faɗa."

Bubayero bai so ba. "Bappa, ka bar ni in ci abincina lafiya." Na ce ba sai Gamawa ba, mu zaga bayan gari kawai, inda ramuka suke. Mutanen unguwa suka fito kallo, Ya Fanna tana tsaye a ƙofar gidanta, hannu a ƙugu. Muka tura akwatin inda take ajiye shi, muka tafi. A rami na farko akwatin ya zame baya. Motar ta yi shiru.

Muka dawo da labari, sai Jumare ya ɗaga murya: "To ai a cikin akwatin ta ajiye abin!"

Ya Fanna ta buɗe shi a gaban kowa ta kife a kan tabarma. Turare ne, da kaskon wuta, da carbi.

Bubayero ya nufi motar. Ya kwance kujerar gaba ya ɗaga ta, abin da bai taɓa yi ba tun da matsalar ta fara, don duk hankalinsa yana kan inji. A nan batir yake, da wayar da take kai wuta gaba. Ya tada motar, ya ɗauki akwatin da babu komai ciki ya tura a hankali. Da kusurwarsa ta taɓa wayar, sai tartsatsi ya yi fat, injin ya mutu. Ya janye, ya murɗa, ta tashi. Ya sake turawa, ta mutu. Ya yi ta yin haka har mata suka fara salati.

"Wayar ce ta zama tsirara," in ji shi. "In ƙarfe ya taɓa ta, wutar sai ta bi jikin mota ta gudu. Ɓera ne ya ci rigarta."

Ya naɗe wurin da robar tsohuwar taya, ya ce wa Ya Fanna kujerarta tana nan ranar kasuwa, ta yafe masa. Ta ce za ta yi shawara. Wata mai jego ta matso ta tambayi kuɗin turare, Ya Fanna ta auna mata ba tare da ta ɗaga kai ba.

Amma kafin ya naɗe, na ga wayar, kuma ba ni kaɗai na gani ba. Ba tsagar haƙori ko ɗaya. An fere ta sumul, a gefen da akwatin yake jingina kaɗai. Na waiwaya, na ga Jumare ya nufi masallaci da butarsa, alhali rana ba ta ko karkata ba.

Goggo, wadda ɗakinta yake jikin dangata, ta leƙa ƙarƙashin kujerar, ta dubi Bubayero, sannan ta dube ni.

"Malam, ai ni ma na ji ƙarar nan a daren. Wai a garin nan ɓeraye da wuƙa suke yawo?"