Ranar da Falwaya Ya Koyi Tsayuwa

Su huɗu ne a gidan, kuma uku daga cikinsu gajeru ne. Baba kafinta ne, yana da shago a bakin titi. Umma tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti. Yaya tana karatun koyarwa. Na huɗun shi ne auta, wanda tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya kere kowa tsawo, har 'yan unguwa suka laƙaba masa Falwaya. Umma ta hana, ta hana, ta gaji, ƙarshe ita ma wani lokacin sunan yakan kuɓuce mata.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai gaya musu abin da ake yi da irin wannan tsawo. Baba dai ya yi abin da ya sani: sau biyu yana ƙara wa gadon yaron katako, ya kuma ɗaga saman ƙofar ɗakinsa. Malamin wasanni na makaranta ne ya fara danƙa masa ƙwallon kwando, ya ce ya tsaya ƙarƙashin raga ya ɗaga hannu. Shekara uku ke nan yana wannan tsayuwar.

Yau kuwa ranar gwaji ce. Babbar ƙungiyar garin tana neman dogon yaro guda ɗaya tak, wanda zai riƙa atisaye da manyan 'yan wasa, a ba shi ɗaki, a bar shi ya ƙarasa makaranta. Baba ya rufe shago don ya raka shi.

"Ka sunkuya a ƙofarsu," in ji Yaya tana miƙa masa jaka. "Kada ka rushe musu gini tun ba su gan ka ba."

"Ke dai ki yi mini addu'a, 'yar guntuwa."

Umma ta gyara masa wuyan riga, sai da ya ranƙwafa ta kai. "Allah ya ba da sa'a. Ka yi hankali da 'ya'yan mutane."

Wannan maganar ya fi shekara goma yana jin ta. Yana ɗan shekara shida suna guje-guje ya faɗa kan ɗan maƙwabta, hannun yaron ya karye. Umma ce ta riƙe yaron aka ɗora hannun, tana jin ihunsa. Da suka dawo gida ba ta dake shi ba. Ta zaunar da shi ta ce, "Kai ba kamar sauran yara ba ne. Kai ba ka wasa da ƙarfi. In ka taɓa mutum, ka tsaya ka ba shi haƙuri." Ya riƙe maganar har ta zama jikinsa.

A bas ƙafafunsa suka ƙi shiga tsakanin kujeru, sai ya zauna a karkace, ya miƙe su a hanya. Kwandasta ya dubi Baba, ya dubi yaron.

"Alhaji, naka ne wannan duka?"

"Nawa ne," in ji Baba. "Ni ma kullum sai na sake tambaya."

Filin ƙungiyar rufaffe ne, daɓensa na katako mai sheƙi. Suna shiga Baba ya durƙusa ya shafa daɓen da tafin hannu, yana neman inda aka haɗa katakan, ya girgiza kai. "Wanda ya yi wannan ya san aikinsa."

Dogayen yara tara ne suka zo. Karon farko a rayuwarsa Falwaya ya tsaya cikin mutane bai ga tsakar kan kowa ba. Aka auna tsawonsu, aka auna faɗin hannuwansu a jikin bango, aka sa su tsalle. Sannan koci, wani mutum mai furfura da usur a wuya, ya raba su, ya cakuɗa su da 'yan wasan babbar ƙungiya. Cikinsu akwai wani ɗan siriri mai sauri da ake kira Sauro, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Ba a daɗe da farawa ba aka jefa ƙwallo ta bugi bakin kwando ta dawo. Falwaya ya tashi sama ya cafke ta. Da zai sauka kafaɗarsa ta bugi wani yaro, yaron ya zube. Falwaya ya tsaya cak, ya sauke ƙwallon gefen cinyarsa, ya miƙa ɗaya hannun.

"Sannu, yi haƙuri. Ba ka ji ciwo ba?"

Kafin ya rufe baki Sauro ya fizge ƙwallon, ya jefa ta raga.

"Na gode, maigida!" ya ce yana gudu da baya. "Allah ya ƙara ladabi!"

Fili ya ɗauki dariya. Daga nan abin ya ƙara lalacewa. Duk wanda ya jingina da shi, sai Falwaya ya ja da baya ya ba shi wuri. Wani ƙato mai aski ƙwal ya gane haka, ya riƙa tura shi kamar labule yana zuba ƙwallo.

Koci ya busa usur. "Kai, dogo! Gaisuwa ka zo yi ko wasa?" Ya kira sunaye shida ya sallame su. Saura uku: Falwaya, ƙaton mai aski da wani yaro. "Tsawonka ne ya bar ka, ba wasanka ba," ya ce masa a gaban kowa. "A huta. Bayan azahar wasa ɗaya ya rage."

Falwaya ya zauna kusa da Baba, kansa a ƙasa. Baba ya buɗe masa gorar ruwa.

"Ni dai a ganina ka kyauta da ka ɗaga yaron nan," ya ce a hankali.

"Baba, shi ne laifin."

"To," in ji Baba. Wannan ba irin katakon da ya san yadda ake gyarawa ba ne.

"Kai, ƙanena. Zo nan."

Mai kiran yana zaune a ƙarshen benci, ƙafafunsa a miƙe, an ɗaure masa ledar ƙanƙara a kowace gwiwa. Shi ne ɗan tsakiyar babbar ƙungiya, wanda ya shekara goma sha huɗu ƙarƙashin kwandon nan. Ya girmi kowa, shi ya sa 'yan wasa suke ce masa Kawu.

"Sau bakwai ka ce 'yi haƙuri'. Ina nan ina ƙirgawa. Wa ya koya maka?"

"Ummata."

"Allah ya saka mata. Ba zan ce ka saɓa mata ba." Kawu ya kwance ledojin, ya dafa benci ya miƙe, fuskarsa ta ɗan yamutse. "Amma kai kana zaton aikinmu bugun mutane ne. Ba shi ba ne. Aikinmu tsayuwa. Ware ƙafafu daidai kafaɗa. Lanƙwasa gwiwa. A'a, ba ruku'u na ce ba. Yawwa. Haɗa hannuwa a gabanka. Yanzu ka zama katanga. Ba ka tura kowa, ba ka bin kowa. Ka riga mutum zuwa wurin, ka tsaya. Wanda ya zo da gudu, shi ya kawo kansa."

Ya ɗaga murya. "Sauro! Zo ka yi mana amfani yau ɗaya."

"Kawu, ina da iyali fa."

"Wane iyali? Kai da ko wankinka ba ka iya ba. Taho da gudu."

Sauro ya taho ya bugi ƙirjin Falwaya. Falwaya ya ja da baya, bakinsa ya buɗe zai ba da haƙuri.

"Haɗiye ta," in ji Kawu. "Sake."

A karo na biyar Sauro ya dawo baya kamar wanda ya yi karo da ƙofa, ya zauna daɓas. "Wayyo haƙarƙarina! Kawu, me ka ba yaron nan ya ci?"

Falwaya ya dube shi a tsorace.

"Dubi fuskarsa, dariya yake," in ji Kawu. "Waɗannan ba ƙwai ba ne. Kuma katangar nan da ka yi, ita ce za ta buɗe wa ɗan'uwanka hanya ya jefa. Kai ka sha bugun, shi ya ci. Ka ga mugunta a nan?"

"A'a."

Sai ya nuna masa na biyu. In an jefa ƙwallo, kada ya tsaya kallonta. Ya fara neman mutuminsa, ya juya ya ɗora masa baya, ya zauna a kansa kamar mai neman kujera, sannan ya tashi. Kawu ya yi da kansa sau uku, kowane karo sai ya ja numfashi ta haƙora in ya sauka.

"In ka kama ta a sama, ka bar ta a sama. Duk abin da ya sauko ƙasan haɓarka, rabon Sauro ne. Na ƙarshe: in mutum ya faɗi, ba a hana ka ɗaga shi ba. Ka jira usur. In an busa, ka ɗaga shi, ka tambayi har lafiyar kakarsa."

Bayan azahar koci ya sake raba su, wannan karon Sauro ya faɗo ɓangaren Falwaya. Ya gwada ƙaton mai aski, ya gwada ɗayan. Da aka zo kan Falwaya, ya waiwaya benci.

"Kawu, shigo ka tsare shi."

Kawu bai saurara masa ba ko kaɗan. Ya danne shi da ƙirji, ya zagaye shi ya zuba biyu a jere, har yana ce masa a kunne, "Ina katangar? Ko ka bar ta a benci?" Falwaya ya ji kunya ta kama shi, ga mutumin da ya gama koya masa, ta ina zai jingina masa baya? Amma ya ware ƙafafu. Da mai tsaron Sauro ya biyo Sauron da gudu, ya tarar da Falwaya tsaye, ya maƙale. Sauro ya jefa, ta shiga.

"Haka nake so, maigida!" Wannan karon ba zolaya a muryarsa.

Saura kaɗan a tashi aka jefa wata daga nesa. Falwaya bai kalli ƙwallon ba. Ya nemi Kawu, ya juya, ya ɗora masa baya da duk nauyinsa. Ya ji mutumin yana turowa, ya ƙi gusawa. Ƙwallo ta bugi allo ta dawo, suka tashi tare, hannun Falwaya ya riga. Ya ji ƙarar faɗuwa a bayansa, mai nauyi, har daɓen ya amsa. Duk jikinsa ya so ya juya. Ya riƙe ƙwallon saman kansa, ya hango Sauro ya ruga, ya wurga masa, ya bi shi da gudu har ɗaya kwandon.

Usur ya tashi. Falwaya ya dawo a guje ya durƙusa.

"Kawu, sannu. Yi haƙuri. Gwiwar ce?"

Kawu yana kwance rigingine yana haki, yana dariya. "Yanzu ka faɗe ta a lokacinta. Ɗaga ni, ƙanena, ƙasan nan da sanyi."

A ofis koci bai yi doguwar magana ba. Ya ce wa Baba yaron ɗanye ne, hannunsa na hagu kamar ba nasa ba, kuma zai shekara biyu kafin ya zama abin nunawa. "Amma abin da aka gaya masa da rana ya yi shi da la'asar. Irin wannan nake nema. Ya zo ranar Litinin da kayansa." Baba ya riƙe hannun koci da hannu biyu, yana ta godiya, har koci ya rasa yadda zai karɓi hannunsa.

Sauro ne ya kai Falwaya ɗakin sauya kaya don ya nuna masa inda zai riƙa ajiye nasa. Suka tarar da Kawu a gaban wani kabad na ƙarfe, yana kwashe takalma da bandeji yana zubawa a jaka.

"Wannan ne naka," in ji Kawu. "Ƙofar tana cijewa, sai ka ɗan ɗaga ta."

"Kai fa, Kawu?"

Kawu ya ci gaba da naɗe tawul. Sauro ne ya amsa, kuma a karon farko ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba su gaya maka ba? Gurbinsa ne ake cikewa. Koci ya ce in ba a samu yaron kirki yau ba, Kawu zai ƙara shekara guda."

"Sauro, bakinka ya fi ƙafarka sauri," in ji Kawu. Ya rataya jaka, ya dubi Falwaya. "Kada ka yi mini wannan fuskar. Ka yi aiki a kan hannun hagun nan. Ka kuma gaida Umma, ka ce wani tsoho ya ce ta iya tarbiyya."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Da Kawu ya zo wucewa, Baba ya cire hularsa, ya ɗaga kai sama sosai don ya ga fuskarsa.

"Bawan Allah, ban san me zan ce maka ba."

"Ka ce Allah ya ba gwiwa lafiya, Baba. Ya isa."

"Allah ya ba ta lafiya. Allah ya sa naka su samu mai yi musu haka."

Kawu ya amsa da amin, ya bi baranda a hankali, yana ɗan jan ƙafar dama.

Falwaya ya tsaya riƙe da ƙofar kabad ɗin. Shekararsa goma sha bakwai, abubuwa da yawa na wannan sana'a bai san su ba tukuna. Amma ya gane cewa Kawu ya san duk wannan tun kafin ya kira shi, kuma da saninsa ya tashi ya koya masa.