Baƙin Injin Labaran

Labaran maƙeri ne ɗan maƙeri, haifaffen Badafi. Manyan motocin gyaɗa ne suka taso da shi zuwa Kwanar Dangora, domin ya lura fartanya kan shekara ba ta nemi gyara ba, amma tayar mota kullum cikin fashewa take. Sai ya raba zauren gidansa biyu, ƙira a dama, faci a hagu.

Facin bai dame shi ba, ba da iskar ne azaba. Famfon hannu gare shi, kuma kafin tayar babbar mota ta cika sai ya yi ta dannawa har numfashinsa ya sarƙe, direba na tsaye a kansa yana tsaki. Wasu direbobin ma gara su ɗaura safaya su lallaɓa har Zariya. Kowace yamma sai matarsa Furera ta gasa masa kafaɗu da ruwan zafi.

A bazarar 1957 wani kamfani ya gama aikin gada kusa da Bebeji, aka ce zai yi gwanjon kayansa, ciki har da injinan iska. Labaran ya sayar da bijiminsa, ya ɗauki yayansa Wada suka tafi. Wada ya taɓa zama a birnin Kano shekara biyu, saboda haka shi ake ɗauka masanin inji a danginsu.

Heluman ma'aikatan, wato shugabansu, wani dogo mai suna Maikano, ya kai su wata rumfar kwano. Inji biyu ne a ciki. Ɗaya ja ne, ƙato, fentinsa na ƙyalli. Ɗayan baƙi ne, gajere, duk maiƙo ya rufe shi, kuma an cire abin da ke juya shi, sai wili kawai da tankin tara iska.

Wada ya dafa jan nan ya ce, "Shi ke nan, mun samu. Wannan ko a Kano sai gidan manya."

Labaran ya tambayi Maikano, "Ranka ya daɗe, me yake ci?"

"Lantarki."

"To mu a Kwana aci-balbal muke kunnawa."

"Sai ka ɗaura masa injin fetur daga baya," in ji Maikano. "Kowa jan yake so. Baƙin ma na yi niyyar a jefa shi cikin tarkace."

Labaran ya tsuguna gaban baƙin, ya juya wilin da hannu ɗaya, ya toshe bakin bututun da tafin ɗaya hannun. Ya ji iska ta ture shi da ƙarfi, cif, kamar sabon zuga-zugi. Ya roƙi Maikano a cika jan da wutar janareton kamfanin, shi kuma da Wada suka yi ta juya baƙin da hannu har allurar agogon awon iska da ke jikinsa ta ɗan ɗaga. Ya sa gawayi ya yi wa kowane agogo alama daidai inda allurarsa ta tsaya.

"Yanzu kuma me muke jira?" in ji Wada.

"Azahar, Yaya. Mu je mu yi salla, mu sha fura."

Da suka dawo, allurar jan ta sauka ƙasa da alamar da kusan yatsa biyu. Ta baƙin tana nan daram. Labaran ya ciro sabulun salo daga aljihu, ya yi kumfa a ƙoƙo, ya shafa a ƙarƙashin tankin jan. Nan take kumfar ta fara tsiro da ƙananan ƙwayaye a jere. Ya kankare wajen da farce, fenti ya ɓare, tsatsa ta bayyana.

Maikano ya yi dariya ya ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?"

"Zuga-zugi in ya huje, haka muke neman hujin."

Wada dai bai gamsu ba. "Labaran, babu abin juya shi fa! Ka sayar da bijimi ka sayi tulun ƙarfe?"

"Yaya, abin juyawa zan iya ƙerawa. Tankin da ba ya yoyo ne ba zan iya ba."

A amalanke aka kawo shi gida, mutanen tasha suna ta leƙe suna dariya. Labaran ya samo gangar jikin wani tsohon keke, ya kafe ta a kan gungumen ɗorawa, ya cire tayar baya, ya zarga ɗamarar fata daga wilin keken zuwa wilin injin. Ranar farko da ya hau ya taka, fatar ta yi ta sulɓewa, injin ko motsi. Kwana uku yana fama. A rana ta huɗu Furera ta kawo masa abinci, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Maigida, santsi ne ya yi mata yawa. Ka shafa mata ƙaro mana." Ta jiƙo masa, ya shafa, ya taka. Injin ya ce tuf, tuf, tuf, allura ta fara hawa.

Daga ranar, kullum da sanyin safiya sai ya hau keken nan da ba ya zuwa ko'ina, ya yi ta takawa har tanki ya cika. Mako biyu babu wata babbar mota da ta tsaya.

Ran nan da hantsi, bayan ruwan farko ya sauka, wata babbar mota ta shigo Kwana tana ɗingishi. Daga Doguwa take, ɗauke da maniyyata aikin hajji, cikinsu har da Malam Sunusi, tsohon malamin da rabin ƙasar nan suka yi karatu a gabansa. An ce musu lallai su kasance a Kano kafin la'asar, in ba haka ba jirginsu ya wuce su. Duwatsun hanyar daji sun fasa taya ɗaya, sun kuma fasa safayar.

Direban, Ɗanliti, ya diro yana share gumi. "Faci biyu, iska biyu da famfon hannu? Sai magariba. Wallahi an gama da mu."

"Sauke min su," in ji Labaran.

Ya yi facin farko, ya mayar, ya jona tiyo a bakin tayar, ya murɗa. Iska ta yi wani irin huci. Ɗanliti ya sa hannu aljihu zai ciro goro, kafin ya ɓare shi taya ta miƙe ta yi tauri. Ya buga ta da ƙarfe, ta amsa da ƙara. Ya dubi Labaran, ya dubi injin, goron na hannunsa.

Ta biyun ce ta kawo cikas. Tana kaiwa rabi, iskar tanki ta ƙare, allura ta kwanta. Jama'ar da suka taru suka zuba masa ido. Labaran ya miƙe zai hau keke, sai ya ga an riga shi: Wada ne, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ɗare sirdi.

"Kai dai riƙe tiyon," in ji shi. "Ni na san inji."

Aka fashe da dariya. Wada ya taka har hularsa ta faɗi, wani maniyyaci ya karɓe shi, wani ya karɓi wancan, sauran suna kirari da kabbara. Rana ba ta kai tsaka ba aka ɗaura tayoyin duka biyu.

Kafin ya hau mota, Malam Sunusi ya kama hannun Labaran. "Me kake so in roƙa maka a can?"

"Allah gafarta Malam, lafiyar ƙafafu kawai."

Malam ya yi murmushi, ya yi doguwar addu'a, aka shafa.

Ɗanliti bai iya riƙe labari ba. Kafin wata ya ƙare, direbobin Kano da na Zariya duk sun san zauren, har layi suke yi a ƙofarsa. Su ne suka laƙaba masa suna Labaran Mai Iska. Shi bai damu ba, amma Furera ta aika wa mutanen tasha cewa duk wanda ya kuskura ya kira ta matar Mai Iska, kada ya sake aikowa neman ruwan sha a gidanta. Sai aka koma cewa Labaran Mai Inji, aƙalla in tana kusa.