Matakalar da Ta Yi Shiru

Tsakiyar kowane katako na matakalar ya lotsa kamar cikin akushi. Ƙafafu ne suka cinye shi, tun zamanin da Baba Silvanus yake koyarwa a makarantar mishan ya gina ɗan benen nan bayan tashar jirgin Kafanchan. Yanzu idanunsa sun mutu, matarsa Lucia ma ta riga shi gidan gaskiya, amma kowace safiya yakan sauko shi kaɗai, ba sanda, ba ɗan jagora. Tafin ƙafarsa ya san kowane rami, kunnensa kuma ya san kukan kowane katako.

"Martina ce," yakan ce tun 'yarsa ba ta kai sama ba. "Kina tafiya kamar mai satar nama. Uwarki kuwa in ta hau, sai ka ce jirgin Inugu ya shigo."

Sai dai gara ta riga ta shiga katakon. Ranar da Wilfred, yayan Martina, ya zo daga Kaduna a Fijon da ya saya shekarar ƙarin albashin Udoji, ƙafarsa ta burma wani mataki har idon sawu.

"Wannan ai tarko ne," ya ce yana kaɗe wando. "Baba ya ƙi komawa ɗakin ƙasa. To, in na dawo da Kirsimeti na tarar da matakalar nan haka, zan ɗauke shi zuwa gidana a Sabon Tasha."

"Sai dai gawata," in ji tsohon daga sama. "A ɗakin nan uwarku ta cika."

Martina ba mai yawan magana ba ce. Washegari ta je ta kira Zamani kafinta, ɗan majami'arsu. Ya zo da zarto da guduma, ya dinga ɓamɓare tsofaffin katakan yana girgiza kai.

"Wannan gajere, wancan dogo! Wanda ya kafa ta tun farko burkutu ya sha ne?"

"Ni na kafa ta," in ji Baba.

"Ayya, a gafarce ni, Malam. Ai ta yi ƙarko."

Duk kwanakin aikin Baba yana sama, Martina tana kai masa tuwo ta tsani. Zamani ya sa sabon katakon maɗaci, ya daidaita tsayin matakan, ya goge su har suna sheƙi. Ya hau ya yi tsalle a kai, ko ƙis ba a ji ba. Martina ta shafa katakon, ta ji zuciyarta ta kwanta. Babu mai raba Baba da gidansa.

Ranar Lahadi da aka buga ƙararrawar sujada, Baba ya sa farar rigarsa ya zo bakin matakala. Ya miƙa ƙafa yana laluben ramin da ya sani. Babu. Ya sauke ta inda ya saba, katakon bai tare ta a can ba. Ya zame, ya faɗi zaune, hannunsa yana laluben bango.

"Martina, ina kika kai mini hanyata?"

"Gyarawa aka yi, Baba. Kawo hannunka."

"Ni ba akuya ba ne da za a ja ni."

Da rarrafe ya koma ɗaki. Ta roƙe shi, fasto ya zo ya roƙe shi, bai ƙara gwadawa ba. Zama ya kumbura masa ƙafafu, tuwon ma sai ya taɓa ya ture. Wata rana ta hau da kunu, ta tsaya dab da kujerarsa. Ya zabura.

"Wane ne?"

Tun da aka haife ta bai taɓa yi mata wannan tambaya ba.

Wilfred ya iso ana saura kaɗan Kirsimeti. Ya yaba aikin, ya ƙwanƙwasa katakon da makullin mota, sannan ya hau ya ga yadda uban ya koma.

"Yaya, na yi abin da ka ce," in ji Martina, muryarta can ƙasa.

"Na gani. Amma dube shi. Asibiti yake bukata, a gidana kuma ba hawa ba sauka."

Baba bai yi gardama ba. Wilfred ya goya shi kamar yaro, Martina tana biye da ƙunshin kayansa. Sun kusa kaiwa ƙasa tsohon ya ɗaga kai yana kasa kunne.

"Wilfred, mun fara sauka?"

Bayan motar ta ɓace, Martina ta zaga bayan madafa inda Zamani ya jibge tsofaffin katakan don a hura wuta. Ta zaro ɗaya, ta shimfiɗa a ƙasa, ta cire takalmi ta sa ƙafarta cikin ramin. Ya yi mata yawa kaɗan. Ta danna da dukan nauyinta, ta sake dannawa, tana saurare.